Sauro, kyankyaso da gara a garin da laima ba ta ɗagawa: me za a yi, kuma yaushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun taso daga Katsina mun koma Agege a Legas, shekara guda ke nan. Gidan haya ne, iyali huɗu muke tarayya a tsakar gida da bayan gida. Kyankyaso ya cika min kicin, sauro ba ya ɗaga ƙafa ko da rani, gara ta kama ƙofar ɗaki, waken da aka aiko mana daga gida kuma ya zama gari cikin wata biyu. Duk mako ina fesa piya-piya, in share matattu da safe, bayan kwana uku kamar ban yi ba. Ina da goyo ɗan wata biyar. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki ajiye piya-piyar nan daga yau. Yawancin abin da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana sayarwa da wannan suna maganin gona ne mai ƙarfi, wanda za ki ga an rubuta DDVP a jikin kwalbarsa ta asali, irin na Sniper. An yi shi ne don fili da amfanin gona, ba don ɗakin da jariri ke kwana ba. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma ɗan wata biyar yana numfashi sauri-sauri, yana kai hannu baki. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe a kasuwanni da shagunan unguwa. Wannan sinadarin ne kuma ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da aka ƙi a buhun wake, bai kamata ya sauka a kan katifar yaro ba.

Dalilin da ya sa feshinki ba ya zuwa ko'ina kuwa shi ne, manya kawai kike kashewa. Ƙwai na nan a ɓoye, cikin tsaga ko cikin ruwa, maganin bai taɓa shi ba. A Katsina akwai mai yi miki rabin aikin kyauta: iskar hunturu ta busar da komai, zafin bazara ya ƙone sauran, ruwa ya zo wata huɗu ya tafi. A Legas babu wannan hutu. Ruwa yana farawa wajen Afrilu ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, kuma ko a watannin da ba a ruwa iskar tana ɗauke da laima. Haka laimar take a Fatakwal da Kumasi da Duwala. Ɗumi da danshi suna gajarta wa ƙwaro lokacin da yake ɗauka daga ƙwai zuwa babba. Saboda haka abin da za ki riƙe shi ne, kowane ƙwaro yana da kwanakinsa, kuma wanda ya riga shi cika kwanakin shi ke cin nasara. Wurin fafatawar kuma guda biyu ne: ruwa da tsaga.

Mu fara da sauro, don shi ne mai kisa. Ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke hayayyafa ba. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke dukansa: kwatamin da aka haƙa aka ɗebi ƙasa, sawun tayar mota, ruwan da ya kwanta a kan daɓe. Da dare yake cizo, shiru-shiru. Mai kukan nan a kunne da ke hana barci yawanci na ruwan ƙazanta ne, kwata da sokawe da shadda. Na uku shi ne baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana tsaka, musamman da safe da yamma liƙis. Shi ke ɗauke da cutar shawara da zazzaɓin dengi, kuma gidansa yana cikin gidanki: duro, randa, tsohuwar taya, gwangwanin madara, kaskon shan ruwan kaji, farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure.

A irin ɗumin Legas, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Ke nan duk ruwan da bai kai mako a ajiye ba, bai isa ya haifi sauro ba. Ki tsayar da rana ɗaya a mako, Asabar da safe misali, ki zagaya gidan da idon neman ruwa. Duro da randa a juye su, sannan a goge cikinsu da soso ko burushi. Gogewar ita ce muhimmiya, kuma ita aka fi tsallakewa. Sauron nan mai ɗigon fari ba a kan ruwa yake zuba ƙwai ba, a jikin mazubi yake manna shi, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan yana jure bushewa na watanni. In an zubar da ruwa kawai aka sake cikawa, an shayar da shi ne, sai ya ƙyanƙyashe. Duron da ba zai yiwu a juye ba, a ɗaure bakinsa da ƙyalle mai kauri ko raga da igiyar roba, ba a ɗora faranti kawai ba. Ki duba murfin tankin sama, yawanci a karkace yake ko ya tsage. Ki ja firji ki duba ɗan tiren da ke bayansa a saman injin, yana tara ruwa. Indararo da makwararar rufi su ma ganye yana toshe su ruwa ya kwanta a sama inda ido ba ya kaiwa. Taya a huda ta ko a cika ta da yashi. Ƙaramin rami a tsakar gida, kwanon yashi biyu ya gama da shi.

Sokawe kuwa, a gidajen haya shi ne uwar matsala, ga sauro da kyankyaso gaba ɗaya. Ki je ki tsaya kusa da shi bayan magariba da tocila. In akwai tsaga a murfinsa za ki gan su suna fitowa da idonki. Siminti da yashi, awo ɗaya da awo uku, a like duk wata tsaga. Bututun da ke fitar da iska daga cikinsa kada a toshe shi, a ɗaure bakinsa da ragar waya. Wannan aikin rabin yini ne ga birkila, kuma in iyalai huɗun nan suka haɗa kuɗi ba zai kai abin da kuke kashewa a maganin feshi na wata biyu ba. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai a ciki. Yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta, ramin ya yi saurin cika, ga haɗarin wuta, ga gurɓata rijiyar maƙwabta.

Duk da haka sauron maƙwabta zai zo, shi ya sa ba a wasa da gidan sauro. Mai magani, sabo, a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a fara kwana ciki, don kada ya sa ƙaiƙayin fuska. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, kuma kada jiki ya jingina da shi, ta nan ake cizon gwiwar hannu. In ya yi dauɗa a wanke da sabulun wanki na sanda da ruwan sanyi, ban da bilic da ruwan zafi, a shanya a inuwa. Rana tana cinye maganin. An yi shi ya jure wanki kamar 20 ko shekara uku. Bayan nan sai a sake. Huda ko da girman ɗan yatsa ce kawai, a ɗinke ta. A wurare da yawa a Najeriya sauro ya fara jure maganin da ke jikin tsofaffin gidajen sauro, shi ya sa ake raba sababbi masu ƙarin sinadari, irin waɗanda aka rubuta PBO a ledarsu. In kin samu zaɓi, ki ɗauki irin waɗannan. Masu cewa zafi ke hana su shiga, a kunna fanka ta hura ta cikinsa. Iskar ma kanta tana hana sauro sauka. Taga a sa mata raga mai ƙananan ido sosai, a duba kusurwoyi inda kafinta ya buga ƙusa, nan take fara ɓallewa. Ƙofa da taga a rufe tun kafin magariba.

Maganin sauro na kunnawa hayaƙi ne, kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki da jariri. Filit na gwangwani in dole ne, a fesa babu kowa, a rufe minti 30, a buɗe tagogi iska ta ratsa wasu minti 30 kafin a shigo da yaro. Kuma ki sani maganin rigakafin da ma'aikata ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a lokacin damina a Katsina da sauran jihohin arewa, an tsara shi ne don inda zazzaɓin ke da lokaci. A inda ake zazzaɓin duk shekara, gidan sauro ne garkuwar. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gwaji a ranar, kada a kwana ana jiƙa-jiƙa.

Sai kyankyaso, wanda na ga shi ya fi damun ki. Ki kalle su da kyau. In manya ne jajaye masu tashi, daga waje suke zuwa, daga sokawe da kwata da rariya, kuma maganinsu toshe hanya. In ƙanana ne masu ruwan ƙasa da layi biyu baƙaƙe a bayan kai, waɗannan a kicin ɗinki aka haife su, kuma su ne masu wuyar sha'ani. Macensu tana yawo da jakar ƙwai manne a bayanta, ƙwai 30 zuwa 40 a ciki, har sai ya kusa fashewa. Jakar tana da tauri, feshi ba ya ratsa ta. Ke nan kin kashe uwa, bayan kwanaki 'ya'ya talatin sun fito a bayan kabad. Ƙari a kan haka, warin feshi yana tarwatsa su ne, su bar kicin su shiga ɗaki, su shiga bayan talabijin da cikin soket. Ganinsu da rana alama ce cewa maɓoyar ta cika.

Abin da ke aiki shi ne maganin ci, mai kama da man goge baki, da ake sayarwa cikin sirinji. Ki duba jikinsa ki ga an rubuta fipronil ko imidacloprid, da lambar NAFDAC. Ana ɗiga shi ƙanana-ƙanana, kamar ƙwayar dawa, tazarar taƙi ɗaya tsakanin ɗigo da ɗigo. Ɗigo 15 zuwa 20 ya ishi matsakaicin kicin. Ba a fili ake sa shi ba, a inda suke kwana: maƙalar ƙofar kabad, kusurwar cikin durowa, ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda bututu ya shiga bango, bayan firji kusa da injin, ƙasan risho. Inda kika ga baƙin ɗigo-ɗigo kamar garin barkono, kashinsu ne, nan za ki sa. Wanda ya ci ba nan take yake mutuwa ba, sai ya koma maɓoya. Sauran su ci kashinsa da gawarsa, su ma su bi shi. Da haka maganin ke kai wa ga ƙananan da ba sa fitowa.

Kuskure uku ke ɓata wannan aiki. Na farko, a sa maganin ci sannan a fesa filit a kansa. Warin ya kore su, ba za su ci ba. Na biyu, a bar musu wani abincin. Kyankyason da ya samu kwanon miya a buɗe da maiƙo a jikin risho ba ruwansa da ɗigonki. Na uku, gajen haƙuri. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ake ganin bambanci. A duba bayan mako biyu, inda aka cinye a ƙara, a ci gaba har wata biyu don a tari waɗanda za su ƙyanƙyashe. In za a daɗe ana amfani da shi, a riƙa sauya iri bayan kamar wata uku don kada su saba.

Amma ruwa ya fi abinci muhimmanci a wurinsa. Yana iya kai wata guda bai ci ba, amma da wuya ya wuce mako babu ruwa. Famfon da ke ɗiga a gyara shi. Kafin a kwanta a goge wurin wanke-wanke ya bushe, a matse soso, a juye bokiti, a ɗaure shara a fitar. Ramin da ruwa ke fita a banɗaki a rufe shi da dare, ko da leda ce cike da ruwa aka ɗora a kai. Kwalaye kuma a rabu da su. Kwalin taliya da na indomi da kiret ɗin ƙwai na takarda su ne motar da ke kawo kyankyaso daga shago, kuma a cikin ramukan kwalin suke zuba ƙwai. A juye kaya a roba mai murfi, kwali ya fita a ranar. Hodar borik tana aiki ita ma, amma sai an barbaɗa ta siriri kamar ƙura a busasshen lungu. Da ta sha laima ta dunƙule ta daina, shi ya sa ba ta cika amfani a kicin ɗin kudu ba. Allin kashe ƙwarin nan da ake ja a bango, yara suna ɗaukarsa allin makaranta su kai baki, ban ba ki shawararsa ba. Wannan ba batun ƙyama kaɗai ba ne: kashin kyankyaso da saɓarsa suna tayar da asma ga yara.

Tururuwa da kiyashi nasu mai sauƙi ne. Kada ki kashe layin, ki bi shi ki ga inda yake shiga. Rabin ƙaramin cokali na hodar borik, ƙananan cokula tara na sukari, kofi ɗaya na ruwan ɗumi. A jiƙa auduga a sa cikin ƙaramar roba mai murfi da aka huda, a ajiye kan hanyarsu inda yaro ba zai kai ba. In an cika hodar, masu ɗauka za su mutu a hanya ba su kai wa uwar ba. Bayan sun ɗauke ƙafa a goge hanyar da ruwan sabulu a like ramin.

Gara ita ce mai cin dukiya a ɓoye. Irin da ke cin ƙofa a ƙasa take zaune, ba ta jure iska da haske, shi ya sa take gina hanyar laka mai kaurin fensir a jikin bango ta hau. Ki ɓalle kamar tsawon gaɓar yatsa daga tsakiyar hanyar, ki dawo bayan kwana biyu ko uku. In an gyara, suna nan. Ki ƙwanƙwasa katakon da gindin sukundireba tun daga ƙasa. Inda ya yi amon ganga, ciki ya tafi saura fenti. Kankare lakar da fesa magani a kai ba ya komai, gidan yana ƙasa, wata hanyar za su sake. In kuma gari ne mai laushi kamar fulawa kike gani a ƙarƙashin kujera da ƙananan huji kamar na allura, wannan ba gara ba ce, ƙwaron katako ne, kuma shi a cikin itacen yake zaune.

Aikin gara na mai gidan haya ne, ki sanar da shi da wuri, don daga ƙofa sai silin da katakon rufi. Abin da ya dace a yi: a cire ruɓaɓɓen katako, a sa wanda aka shafe da maganin katako irin su Solignum, musamman ƙarshen da aka yanka, nan ta fi shiga. Kada ƙafar katako ta taɓa ƙasa. A ɗora ta kan siminti, a bar aƙalla santimita 15 tsakaninta da ƙasa. Daga waje a haƙa ɗan rami a bin gindin bango, zurfin kamar santimita 30, a zuba maganin gara da aka dama bisa awon da ke jikin kwalba, kusan lita 5 a kowace mita, a mayar da ƙasa ana jiƙa ta da shi. Inda daɓen siminti ne sai an huda an ɗura. Masu fipronil ko imidacloprid sun fi, don gara ba ta jin warinsu, tana ratsawa ta kwasa ta kai gida. Wannan aikin ƙwararre ne mai safar hannu da takunkumi. Ba a yin sa ana tsammanin ruwan sama, kuma ba a yin sa kusa da rijiya. Naki aikin shi ne ki raba bango da duk abin da ke jawo ta: itacen girki, tsofaffin katakai, kwalaye, kututturen bishiya, da ruwan wanka ko na na'urar sanyaya ɗaki da ke zuba a gindin gini. Kabad da akwati a ja su taƙi ɗaya daga bango, a ɗora kan bulo. Magabata a arewa da suka zaɓi azarar giginya don rufin soro sun san abin da suke yi, gara ba ta cika iya mata ba. Katakon kasuwa na yanzu farin itace ne mai laushi, abincinta ne.

Bayan ruwan farko mai ƙarfi za ki ga shinge sun rufe fitila. Waɗannan su ne gara masu fukafukai da ke fita kafa sabon gida. In daga waje suka zo, a kashe fitilar ƙofa, a ajiye kwanon ruwa ƙarƙashin wata fitila nesa da ɗaki. In kuwa ɗaki a rufe yake kika tashi kika tarar da tarin fukafukai a gindin bango, to daga cikin ginin suka fito, a kira mai duba.

Waken da ya zama gari, da ƙwarinsa ya taho tun daga gona. Ki duba ƙwayar za ki ga ɗan farin ɗigo manne a jikinta, ƙwai ne. Tsutsar tana huda ta shiga ta ci daga ciki, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito babba ta sake zubawa. Wata biyu zuriya biyu ke nan ko fiye. Maganinsa hana shi iska. Da farko a tabbatar waken ya bushe: a samu busasshiyar kwalba, a zuba wake kashi ɗaya cikin uku, a sa gishiri busasshe cokali biyu, a girgiza minti ɗaya, a bari minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a ƙara shanyawa. In ya bushe a ɗura a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa mai ko magani ba, a cika ta har wuya ana girgizawa, a sa leda a baki a murɗa murfi sosai. Kada a buɗe aƙalla wata guda. Ƙwarin za su shanye iskar da ta rage su mutu. Na girkin yau da gobe a ware shi daban, don buɗe-buɗe ke lalata dabarar. In buhu ne, a nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Kowace leda daban ake matse iskarta a murɗe baki a ɗaure, a ɗora buhun kan katako, nesa da bango da ɓera. Huda ɗaya ta isa ta ɓata shi. Waken da ya riga ya fara, a shimfiɗa baƙar leda a rana, a baza shi siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki a naɗe gefuna, awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa yana kashe har na cikin ƙwaya. A Legas Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan. Ƙwayar maganin nan da 'yan hatsi ke jefawa a buhu tana fitar da iska mai guba, Phostoxin da ire-irenta, kada ta kwana a gidan da mutane ke ciki ko da a ɗakin gefe ne. Iskar tana ratsa silin da ƙasan ƙofa, ta kashe mutane cikin barci.

Abu biyu game da kayan jariri. A kudu akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a ƙasa mai yashi da ke inuwa da kan tufafin da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, musamman masu warin fitsari. Tsutsar tana shiga fata ta yi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. A shanya a igiya cikin rana, a goge da dutsen guga ciki da bai, har zanen goyo da na gado. In ya riga ya faru, a shafa basilin a rufe ramin, tsutsar za ta leƙo neman iska; in ta ƙi fita a je asibiti, kada a matse da ƙarfi. Na biyu, kafur da ake jefawa a akwati don asu da kyankyaso, kada ya kusanci kayan jariri. Akwai yara da yawa a ƙasar nan da aka haifa da wani rauni a jini wanda kafur ke fasa musu ƙwayoyin jini, ido ya yi ɗorawa, abin ya kai ga ƙarin jini. Tufafi a bari su bushe ƙayau kafin a ninke, a riƙa buɗe akwati ana shan iska.

Kuɗin cizo ba ki ambace shi ba, amma gidan haya ba ya rasa shi, kuma ba ruwansa da damina ko ƙazanta. A kaya yake zuwa, katifar hannu, gwanjo, akwatin ɗan makarantar kwana. Alamarsa baƙin ɗigo a ɗinkin katifa. Zafi ke kashe shi har ƙwai: tafasasshen ruwa a mahaɗar gado, zannuwa a ruwa mai zafin da hannu ba zai iya shiga ba, guga a bin ɗinki. Shanya katifa a rana kaɗai ba ya isa, suna komawa ɓangaren inuwa. A maimaita bayan kwana 10, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a lokacin.

Batun lokaci, babban aiki na rani ne. Janairu zuwa Maris, kafin ruwa ya sauka, shi ne na like sokawe da tsagogin bango, gyaran raga, yashe kwata, share indararo, maganin gara da shanya hatsi, domin siminti yana kamawa, magani kuma ba ya wankewa. Wanda ya bari sai Yuni yana aiki ne cikin ruwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba zagayen mako-mako ne, kuma a ƙara zagaye washegarin duk ruwa mai yawa. Ɗan sararin Agusta a yi amfani da shi a fitar da katifu da akwatuna, a duba bayan kabad ko gara ta hau. In kun je gida Katsina, lissafin ya koma Afrilu da Mayu don gyara, Yuli zuwa Oktoba don tsaro, kuma sauro ya fi yawa a ƙarshen damina, ba farkonta ba.

Ragowar piya-piyar da ke hannunki kada ki juye a kwata, kada kuma ki ɗura a robar lemo. A ɗaure ta a kulle nesa da yara har a mayar wa masu sayar da maganin gona. In tsautsayi ya sa wani ya sha ko ya shaƙa da yawa, alamunsa su ne dalala, gumi, hawaye, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi yana ƙara. A fitar da shi iska, a tuɓe kayan da maganin ya taɓa, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, don yana iya sarƙewa ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti nan take, a riƙe kwalbar a hannu don likita ya ga abin da aka sha; akwai allurar da ke karya shi in an isa da wuri.